Herbert Marcuse da Ƙangin da Ba Ya Ciwo

Karl Marx ya bar wa mabiyansa lissafi mai sauƙin riƙewa. Masu masana'antu za su yi ta tara dukiya, 'yan ƙwadago su yi ta yawa suna ƙara tsiyacewa, har ranar da tura za ta kai bango, su tashi su karɓe masana'antun. Da aka shiga shekarun 1950 a Amurka da Yammacin Turai, sai lissafin ya ƙi fita. Leburan kamfanin mota a birnin Detroit ya mallaki gida, ga mota a ƙofa, ga firiji a ɗaki, ga fansho yana jiran sa. A 1950 gidajen Amurka da ke da talabijin ba su kai 1 cikin 10 ba, amma zuwa 1960 sun kusa 9 cikin 10. A Jamus ta Yamma kuwa, SPD, tsohuwar jam'iyyar ma'aikata, ta yi taro a Bad Godesberg a 1959 ta ajiye aƙidar Marx a hukumance, ta rungumi kasuwa.

Masu goyon bayan jari-hujja suka ce magana ta ƙare, tsarinmu ya ciyar da kowa. 'Yan gurguzu masu ra'ayin riƙau suka ce a dai jira, durƙushewar tattalin arziki na nan tafe. Masanin falsafa Herbert Marcuse ya ƙi amsoshin biyu. A ganinsa danniya tana nan daram, hanya kawai ta sake. Da can da yunwa da bulala take aiki, yanzu da ƙoshi take aiki, kuma irin wannan ta fi wuyar kamawa domin wanda ake yi wa ba ya jin zafi.

An haifi Marcuse a Berlin a 1898, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. An ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma lokacin juyin juya halin Jamus na 1918 ya zauna a wata majalisar sojoji a Berlin. Can ya ga ƙananan sojoji sun karɓi iko, sannan suka zaɓi tsofaffin hafsoshinsu da hannunsu. Ya fice daga SPD bayan kashe jagororin 'yan gurguzu Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht a Janairun 1919. Ya yi digirin digirgir a Freiburg a 1922, ya koma can a 1928 ya yi karatu a hannun masanin falsafa Martin Heidegger, wanda ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933. A wannan shekarar Marcuse ya shiga Cibiyar Binciken Zamantakewa ta Frankfurt ƙarƙashin Max Horkheimer, a 1934 kuma ya yi hijira zuwa New York. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta OSS aikin nazarin Jamus ta Hitila, ya ci gaba a ma'aikatar harkokin waje har 1951. Ya koyar a jami'ar Brandeis daga 1954 zuwa 1965, sannan a San Diego ta jihar Kalifoniya. Ya rasu a Starnberg ta Jamus a 1979.

Ma'aunin da yake awo da shi

Wanda bai gane ma'aunin Marcuse ba zai ɗauke shi mai ƙorafin banza. Daga Hegel, masanin falsafar Jamus, ya ɗauko shi: kowane abu yana da halin da yake ciki, yana kuma da abin da zai iya zama da kayan da ke hannunsa. Don haka mai suka ba ya auna al'umma da wata aljannar da ya zana a kansa. Yana auna ta ne da ƙarfinta. Sai a ƙirga injuna da ilimi da albarkatun da ake da su, a tambaya aikin awa nawa ake buƙata kafin kowa ya ci, ya sa sutura, ya sami muhalli da magani, sannan a duba aikin da ake yi a zahiri da wahalar da ta rage. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce take neman bayani.

A duba lissafin lokaci. Da kamfanin Ford ya kafa layin haɗa mota a Highland Park a 1913, haɗa gangar mota ɗaya ya sauko daga awa 12 da rabi zuwa kamar awa 1 da rabi. A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes, wanda ba ɗan gurguzu ba ne, ya yi hasashen jikokin zamaninsa za su riƙa aikin awa 15 a mako. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ta kai mako ga awa 40 tun daga 1940, kuma har yau nan aka tsaya, alhali abin da ma'aikaci ke samarwa a awa ɗaya ya ninka sau da yawa. To ina ribar lokacin ta shiga? Amsar Marcuse ita ce an mayar da ita ƙarin kaya, da makamai, da talla, da kayan da aka ƙera don su mutu da wuri.

Al'umma mai lafiya, a wurinsa, tana da hange biyu: tana ganin abin da ke akwai, tana kuma iya hango abin da ya kamata. In aka toshe na biyun, sai a sami mutum mai hange guda, wanda duk tunaninsa ke yawo cikin shingen tsarin da ya tarar. Wannan shi ne jigon littafinsa na 1964, One-Dimensional Man.

Rarar danniya

Kafin wannan littafi, a 1955, ya fitar da Eros and Civilization, inda ya kama masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud da kokawa. Freud ya ce wayewa ba ta yiwuwa sai an danne sha'awar ɗan Adam, domin duniya ba ta da isasshen abin da zai wadaci kowa ba tare da aiki tuƙuru ba. Marcuse ya yarda da rabin maganar, sai ya raba danniyar gida biyu. Akwai ta dole, wadda ko wace al'umma sai ta yi: yaro ya koyi jira, babba ya tashi ya yi aikin da zai ciyar da mutane, kowa ya kame hannunsa daga ɗan'uwansa. Akwai kuma rarar danniya, wato ƙarin da aka ɗora don a kare fifikon wasu a kan wasu. Ya kuma bambanta ƙarancin abinci da yadda ake raba ƙarancin. Fari ƙaranci ne. Amma a ce rumbu cike yake wasu na kwana da yunwa, wannan tsari ne, mutane suka yi shi.

Ƙa'idar da ke tafiyar da rarar danniya a zamanin masana'antu ita ce auna darajar mutum da abin da yake samarwa a kasuwa. Mutum ya zama kayan aiki awa 8 ko fiye a yini, sauran lokacin kuma ya huta don ya iya komawa gobe. Daga nan sai Marcuse ya fitar da wani sakamako mai ban mamaki. Duk lokacin da injuna suka ƙara ƙarfi, danniyar dole tana raguwa, to in jimillar wahalar ba ta ragu ba, ashe kason rarar ne ya ƙaru. Al'ummar da ta fi kowa arziki tana iya fin kowa rarar danniya ke nan.

Matsalar wannan ma'auni a bayyane take: ba shi da sikeli. Ba wanda zai iya cewa cikin awa 40 ɗin nan, 22 na dole ne, 18 rara ne. Erich Fromm, tsohon abokin aikinsa a Cibiyar Frankfurt, ya yi musayar raddi da shi a mujallar Dissent a 1955 da 1956, yana ganin Marcuse ya yi wa Freud karatun ɗan falsafa wanda bai taɓa zama da mara lafiya ba. Duk da haka tambayar tana da amfani ko ba sikeli, domin tana tilasta wa mai cewa "haka abin yake, dole ne" ya nuna ina dolen take.

Buƙatun ƙarya da yadda ake ƙera su

Nan ne aka fi yi wa Marcuse gurguwar fahimta. Mai karatu da ya saba da wa'azin zuhudu zai zaci gudun duniya yake kira. Ko kusa. Marcuse yana son a ji daɗin duniya fiye da yadda ake ji, kuma ya faɗa ƙarara cewa abinci da sutura da muhalli daidai da ci gaban zamani buƙatu ne da ba a jayayya a kansu. Wanda ba shi da firiji yake son firiji bai faɗa tarkon kowa ba.

Buƙatar ƙarya tana da alamomi. Wasu masu cin moriya ne suka ɗora ta daga waje. Biyan ta yana dawwamar da wahala da gaba da rashin adalci. Sannan, abin da ya fi muhimmanci, mai ita yana jin ta a ransa kamar tasa ce ta asali. Jin daɗin da yake samu in ya biya ta na gaske ne, Marcuse bai musa ba. Abin da ya ce shi ne daɗin yana hana shi ganin ciwon da ke jikin tsarin baki ɗaya. Ragon turke ma ana cika masa kwano da dusa da harawa, kuma ƙoshin nan ne yake sa bai damu da igiyar ba.

Yadda ake ƙera buƙatar ba wani sirri ba ne. Akwai gajarta ran kaya. Misali mafi tsabta, ko da yake ba daga littafinsa yake ba, shi ne yarjejeniyar Phoebus ta 1924, inda manyan kamfanonin ƙwan lantarki irin su Osram da Philips suka haɗa baki kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda ƙwansa ya zarce. Akwai tsufar da kaya a ido, kamar yadda General Motors ƙarƙashin Alfred Sloan ya riƙa sauya fasalin mota kowace shekara, mai motar bara ya ji kunyar tasa ko da lafiyarta ƙalau. Akwai talla da ke haɗa kaya da mutunci. Akwai kuma sayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, wanda shi ke rufe da'irar: mai bashin gida da na mota ba ya son yajin aiki mai tsawo, ba ya son kamfaninsa ya girgiza, ba ya son a rage kwangilar makamai in ita ke riƙe da garinsu. A farkon shekarun 1960 kuɗin tsaron Amurka ya kusa kashi 1 cikin 10 na duk abin da ƙasar ke samarwa, kuma Shugaba Eisenhower da kansa ya yi gargaɗi a Janairun 1961 kan haɗin bakin sojoji da masana'antun makamai. Marcuse ya ce ƙasar jin daɗi da ƙasar yaƙi sun zama abu guda, kuma maƙiyi na dindindin, wato Tarayyar Sobiyet a lokacin, yana haɗa kan mai gida da yaronsa. Ita ma Sobiyet ɗin bai ɗaga mata ƙafa ba. A littafinsa na 1958, Soviet Marxism, ya nuna ta ɗauki aƙidar 'yanci ta mayar da ita bulalar ƙara samar da kaya.

Shi ya sa yawan zaɓi bai burge shi ba. Zaɓi tsakanin sabulu iri 20, ko tsakanin jam'iyyu biyu da suka yarda da tushe ɗaya, bai taɓa tambayar da ta fi girma ba, wato me za a ƙera, don wa, da aikin awa nawa. Yana da wata magana da ta shahara, cewa bawa ya zaɓi ubangidansa da kansa bai kawar da bauta ba.

Su kuwa ma'aikata, ya lissafa abubuwan da suka sauya su. Inji ya rage gajiyar tsoka ya mayar da ita gajiyar ƙwaƙwalwa, talaucin da ake gani a jiki ya ɓuya. Ma'aikatan ofis da masu kula da na'ura sun ƙaru, har a tsakiyar shekarun 1950 suka fi leburori yawa a Amurka. Ma'aikaci ya fara ganin ci gaban kamfani ci gabansa ne. Sannan mai gidan da za a nuna da yatsa ya ɓace, aka bar manajoji da injiniyoyi masu cewa lissafi ne ya hukunta. Tarihi ya ba shi shaida. A Janairun 1914 Ford ya ɗaga albashi zuwa dala 5 a yini saboda ma'aikata na gudu daga layin haɗa mota, ya kuma kafa sashen da ke shiga gidajensu yana duba tsabta da shan giya kafin a ba su cikakken kuɗin. A 1950 ƙungiyar ma'aikatan mota ta UAW ƙarƙashin Walter Reuther ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 5 da General Motors: ƙarin albashi daidai da tsadar rayuwa, da fansho, da inshorar lafiya, ita kuma ta bar wa kamfani ikon tsara yadda aiki zai gudana. An sami kuɗi, an sallama iko.

Yadda ake yanke wa koke fiffike

Babin da ya fi kowanne ƙarfi a littafin 1964 shi ne na harshe, kuma misalin da ya kawo ya cancanci a tsaya a kansa. Tsakanin 1924 da 1932 an yi wani dogon bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago, inda aka yi hira da ma'aikata sama da dubu 20. Masu binciken sun lura koke-koken ma'aikata suna zuwa a dunƙule, sai suka ɗauki aikin warware su zuwa abin da za a iya magancewa. Ma'aikaci ya ce banɗakunan nan ƙazamai ne. Da aka bi diddigi sai maganar ta koma cewa ran nan ya shiga banɗaki kaza ya tarar da datti a wurin wanke hannu, aka ɗauki matakin gyara, magana ta mutu. Wani ya ce albashi ya yi kaɗan. Da aka bincika sai aka gano matarsa na kwance a asibiti, don haka aka rubuta cewa abin da wannan mutum yake samu a yanzu bai ishe shi ba saboda rashin lafiyar matarsa.

A ido wannan kyautatawa ce, kuma mai yiwuwa an taimaki mutumin. Amma a duba abin da ya salwanta a hanya. Jimlar farko magana ce a kan albashi gaba ɗaya, ta shafi duk wanda ke wannan layi da duk wanda ke sayar da ƙarfinsa, kuma tana ɗauke da tuhuma. Jimla ta biyu magana ce a kan mutum guda da ƙaddarar da ta same shi. Ta farko tana iya tara jama'a, ta biyu sai dai ta kai shi ofishin walwalar ma'aikata. Matakan ba su da yawa: a ɗauki koken da ya game kowa, a tambayi wa da yaushe da ina, a rataya shi a wuyan mutum ɗaya, a magance na mutum ɗayan, a rubuta an warware. Ba ƙarya aka yi ba ko ɗaya. An dai cire wa maganar abin da ya sa take da haɗari.

Haka Marcuse ya bi harshen 'yan siyasa da na talla, inda ake ɗaure kalmomi masu karo da juna har kunne ya saba, irin su bam mai tsabta, da kuma gajerun sunaye irin NATO, ƙawancen sojan ƙasashen Yamma, da ke sa mutum ya daina tambayar me Turkiyya da Girka ke yi a ƙungiyar Arewacin Tekun Atlantika.

Akwai wani ɓangare da zai ba mai karatu mamaki daga bakin mutumin da ake kira uban ɗalibai 'yan tawayen 1968. Marcuse bai ɗauki sakin linzamin sha'awa da aka yi a fina-finai da talla da mujallun zamaninsa a matsayin 'yanci ba. Ya ce sakin ne mai ƙara ɗaurewa. A da, abin da rayuwa ta hana mutum yakan fito a waƙa da adabi da kiɗa, ya zama ƙorafi a kan duniya, ya riƙa tuna wa mutane akwai abin da suka rasa. Yanzu an buɗe ƙofa kaɗan, an sa wa sha'awar farashi, an jera ta a kanti. Mutum ya sami biyan buƙata nan take, ƙorafin ya mutu. Littattafan da suka taɓa girgiza masarautu ana sayar da su a kantin magani kusa da man goge baki, kowa na iya saye, ba wanda suke tayar wa hankali.

Game da fasaha kuwa, ya ce ba 'yar ba-ruwanmu ba ce. An gina layin haɗa kaya ne tun daga zane don a ƙwace wa ma'aikaci sanin aikin gaba ɗaya, a bar masa motsi guda. Don haka sauya mai masana'anta kaɗai bai isa ba, sai an sauya ƙirar injin da irin kimiyyar da ta haife shi. Masanin falsafa Jürgen Habermas ya ƙi wannan a wata maƙala ta 1968 da ya rubuta don cikar Marcuse shekara 70. Ya ce babu wata sabuwar kimiyya da za a ƙirƙiro, laifin shi ne an bar lissafin injiniya ya mamaye fagen da ya kamata mutane su yi shawara a tsakaninsu. A nan Habermas ya fi tsayawa a ƙasa mai ƙarfi, ko da yake batun ƙirar kayan aiki Marcuse bai yi kuskure ba.

To wa zai kwance igiyar?

A nan ginin ya fara tsagewa, kuma shi ma ya sani. Ya ce mutane ne da kansu za su tantance buƙatar gaskiya da ta ƙarya, babu kotun da ke da wannan hurumi. Amma ya ƙara da cewa amsarsu ba za ta zama tasu ba sai sun sami 'yanci. Ga da'ira ke nan: sai an 'yantu za a so 'yanci, kuma sai an so shi za a 'yantu. A gabatarwar littafin ya amsa cewa yana kai-komo tsakanin zato biyu masu karo, ko dai tsarin zai iya shanye duk wani sauyi, ko kuma akwai ƙarfin da zai fasa shi. A shafukan ƙarshe ya juya ga waɗanda ke wajen shinge, marasa aikin yi, da waɗanda ake tsangwama saboda launin fata, da sauran waɗanda ƙoshin bai kai gare su ba. Abin da ya kira Babbar Turjiya shi ne ƙin shiga wasan kwata-kwata. Bai yi alkawarin za ta ci nasara ba.

Shekara huɗu bayan nan sai ga 1968. Ɗalibai a Berlin da Paris da Roma da Amurka suka cika tituna kan yaƙin Biyetnam da mulkin jami'o'i, aka riƙa haɗa sunansa da na Marx da Mao. Ɗalibarsa Angela Davis ta zama fitacciya a gwagwarmayar baƙar fata. A San Diego aka yi masa barazanar kisa, Gwamnan Kalifoniya Ronald Reagan da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion suka matsa a raba shi da jami'a. A Janairun 1969 tsohon abokin aikinsa Theodor Adorno ya kira 'yan sanda su fitar da ɗaliban da suka mamaye Cibiyar Frankfurt, shi da Marcuse suka yi ta musayar wasiƙu masu zafi har rasuwar Adorno a watan Agusta. Shi Marcuse bai taɓa cewa ɗalibai za su maye gurbin ma'aikata ba, ya ɗauke su masu kunna wuta ne kawai.

Faransa ta gwada ra'ayin ta fuska biyu. A Mayun 1968 miliyoyin ma'aikata suka shiga yajin aiki, abin da littafin 1964 bai hango ba. Amma a tattaunawar Grenelle, tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni, aka miƙa ƙarin kashi 35 cikin 100 a mafi ƙarancin albashi da kamar kashi 10 a sauran, yajin ya lafa cikin makonni, kuma a zaɓen watan Yuni jam'iyyar Shugaba de Gaulle ta lashe da gagarumin rinjaye. Farkon labarin ya ƙaryata shi, ƙarshensa ya gaskata shi.

Mafi rauni cikin rubuce-rubucensa ita ce maƙalar 1965 kan haƙuri da ra'ayin juna, Repressive Tolerance. Rabin farko yana da nauyi. Inda wasu ƙalilan suka mallaki jaridu da gidajen talabijin, ba kowa damar magana daidai wa daida yana ƙarfafa mai ƙarfi ne, kuma mai karanta labarai da ke faɗin kisan masu fafutuka da muryar da yake faɗin farashin hannun jari ya riga ya koya wa mai sauraro cewa duk ɗaya ne. Sai dai maganin da ya bayar shi ne a janye haƙuri daga ƙungiyoyin ɓangaren dama na siyasa masu kiran yaƙi da wariya, har da masu adawa da faɗaɗa tallafin jama'a, a kuma ba na hagu sarari. Hujjarsa Jamus ce: da an toshe bakin 'yan Nazi da wuri, da wataƙila ba a kai ga sansanin kisan kiyashi na Auschwitz ba. Tambayar da bai amsa da kyau ba ita ce wa zai riƙe almakashin. Ya amsa cewa babu gwamnatin da za ta yi wannan a yanzu, amma hakan bai cire haɗarin ba, domin a aikace ikon hana magana yakan faɗa hannun wanda ya riga ya fi ƙarfi. Masanan falsafa Alasdair MacIntyre a 1970 da Leszek Kolakowski bayansa sun kama shi a nan, suka ce ƙarshen hanyar mulkin 'yan boko ne masu ganin sun fi talaka sanin abin da ke ransa.

Akwai kuma abin da lokaci ya yi wa ginshiƙin ra'ayin. An gina shi a kan zaton cewa jari-hujja ya koyi ciyar da ma'aikatansa har abada. Daga rikicin man fetur na 1973 abin ya juya. Masana'antu suka yi ƙaura zuwa inda ƙwadago ke da araha, Detroit ta zube har ta ayyana fatara a 2013, 'yan ƙungiyar ƙwadago a Amurka suka sauko daga kamar kashi 1 cikin 3 na ma'aikata a shekarun 1950 zuwa kamar 1 cikin 10. Abin da ke riƙe ma'aikaci a yau ya haɗa da tsoron kora da bashi, wato tsohuwar bulala ta dawo ta zauna kusa da ƙoshin. Marcuse ya fara ganin haka a littafinsa na 1972, Counterrevolution and Revolt, inda ya koma ga shawarar jagoran ɗaliban Jamus Rudi Dutschke ta doguwar tafiya cikin hukumomi, a shiga makarantu da kafofin labarai a yi aiki daga ciki, ya kuma ba gwagwarmayar mata da ta muhalli muhimmanci.

Mai karatu a Kano ko Maradi ya kamata ya riƙe wannan sharaɗi da kyau kafin ya ɗauko ra'ayin ya ɗora a gida. Marcuse yana magana ne a kan ƙasashen da suka riga suka ci ƙarfin ƙaranci. Inda wutar lantarki da ruwan famfo ba su wadata ba, yawancin buƙatun mutane na gaskiya ne ko a ma'auninsa. Ya taɓo ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka a 'yan shafuka, yana tambaya ko za su iya gina ci gaba a kan noma da sana'o'insu na gado ba tare da kwafar Amurka ko Sobiyet ba, kuma bai sa rai sosai ba, saboda manyan ƙasashen biyu ba za su ƙyale su ba. Ɓangaren da ya ƙetare iyaka ba tare da gyara ba shi ne na ƙera buƙata. Facebook da TikTok ba sa karɓar kuɗi a hannun mai kallo, lokacinsa suke sayar wa masu talla, don haka injiniyoyinsu ke auna nasara da mintunan da ya ƙara a kan allo, kuma bidiyon da ke zagin wannan tsari shi ma ana lissafa mintunansa a cikin ribar.